Tankin Mai a Jirgin Ruwa: Ka Dakata Kafin Ka Ba Mai Walda Kafin Alƙalami

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Makaniki. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mazaunin Unguwar Rimi ne a nan Kaduna. Bara na sayo jirgin ruwa na faiba na hannu daga Lakwaja, tsawonsa ƙafa 23, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Da damina muna aiki da shi a kogin Kaduna, in ruwa ya ja baya duwatsu suka fito sai mu ɗora shi a mota zuwa Shiroro, ƙanena ya riƙa jigilar 'yan kasuwa da busasshen kifi.

Damuwata ita ce jan tankin da ya zo da injin lita 25 kawai yake ci. Dole mu loda jarkoki huɗu ko biyar a ƙarƙashin benci, in mai ya ƙare a tsakiyar ruwa a tsaya a ɗura da mazurari, jirgi na tangaɗi, mai na zuba a ƙafafun mutane. Wani mai walda a Panteka ya ce zai ƙera min tanki na lita 200 da baƙin ƙarfe, mu binne shi a ƙarƙashin daɓen jirgin, can baya kusa da inji, ya sa masa famfo a gindi don a riƙa tsiyaye datti. Wani abokina kuma ya ce in sayi tankin tsohuwar mota a wurin 'yan gwangwan, ya fi araha. Wanne ka ga ya fi? Kuma yaya ake kafa shi? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karatu, Unguwar Rimi

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Iyali lafiya lau, na gode. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda gabana ya faɗi shi ne wurin da ka ce mai yana zuba a ƙafafun mutane. Wannan ɗurin mai a tsakiyar ruwa dole a bar shi, a nan kam bakinmu ɗaya. Amma shawara biyun da aka ba ka, ko ɗaya ba zan ce ka bi ba.

Mota idan tankinta ya yi yoyo, a kan kwalta man yake ɗiga, iska ta kwashe warin ta yi gaba. Jirgi kuwa ƙwarya ne. Yadda aka yi shi don kada ruwa ya shigo, haka abin da ya zuba a ciki ba shi da mafita. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, gangarawa yake yi ya kwanta inda ya fi zurfi, wato ƙarƙashin daɓen nan da kake son binne tanki. Da zarar ya kai wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya yake jira. Fetur cikin kofin shayi, in ya bushe ya koma tururi, ya isa ya cika ƙarƙashin daɓen jirgi irin naka har da saura. Kan batir ya yi sako-sako, ko wani ya yar da guntun sigari, shi ke nan. Kuma wutar ba da ci take farawa ba, fashewa take yi, ta ɗaga daɓen da duk wanda ke zaune a kai. Dizal sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin ya ba da tururin da zai kama, shi ya sa masu manyan jirage na dizal suke wasu abubuwan da mai fetur bai isa ya kwaikwaya ba.

Tankin mota ka manta da shi. Ƙarfensa siriri ne, an yi shi ne don ya rataye a sarari iska na dukansa, kuma wanda ya kai hannun 'yan gwangwan tuni tsatsa ta fara cinsa ta ciki.

Na mai walda kuma aibu huɗu gare shi. Ba raina 'yan Panteka nake ba, na san akwai masu hannu a wurin da in ka zana musu abu a ƙasa da tsinke za su fitar maka da shi. Aikin ne ba irin na tankin janareta ba. Baƙin ƙarfe a gindin jirgi kullum cikin laima yake, tsatsa ta ci shi ta waje, raɓar da ke taruwa a cikin tanki ta ci shi ta ciki, ɓarɓashin ya bi tiyo ya toshe kafireta. Famfon gindi kuwa, a tankin fetur na jirgi haramun ne a ƙa'idar wannan sana'a: duk wata ƙofa a saman tanki take zama, domin ranar da famfon gindi ya saki, man gaba ɗaya cikin jirgi zai juye.

Sai girma. Litar fetur ta kai kusan gram 740, lita 200 ke nan kilo 148, buhun siminti uku, ban da nauyin ƙarfen. Ka ɗauki buhu uku ka jibge a bayan jirgi inda inji da direba suke, ka ga yadda goshinsa zai ɗaga sama, bayansa ya nutse. Ranar da direba ya sassauta wuta farat ɗaya, igiyar ruwan da ke biye da shi ta baya za ta shigo. Kuma me za ka yi da lita 200? Injinka in an taka shi iya ƙarfinsa kusan lita 20 yake sha a awa. Awa goma ke nan ana gudu ba tsayawa, alhali hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja inda ka sayo jirgin, ta hana tafiyar dare daga shida na yamma zuwa shida na safe. Man da ya yi wata biyu a tanki cikin zafin nan namu, ga shi haɗe da baƙin mai, lalacewa yake, ya bar danƙo a kafireta. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ban ga wanda yake da man ajiyewa ya ruɓe ba.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi, ko da yake na san ba shi kake son ji ba. In sayi jan tanki biyu irin na injin, su zama uku, lita 75. A haɗa mai a cika su a tudu tun da safe, a ɗaure su da bel a sarari inda iska ke ratsawa, a yi musu inuwa. Ɗaya ya ƙare, direba ya zare kan tiyo ya danna a na biyu, ya matsa fam, wato ƙwallon robar nan da ke kan tiyo, sau uku, a ci gaba da tafiya. Ba mazurari, ba ɗigon mai. Mafi yawan masu inji 40 iyakar abin da suke buƙata ke nan, kuma kuɗinsa bai kai na kafaffen tanki da kayansa ba.

In kuwa ka ce kai dai kafaffe kake so, saboda wurin zama ko saboda ɓarayin jarka, to a yi shi yadda ya kamata. Lita 80 zuwa 100 ta ishe ka. Tanki mai tsawon santimita 100, faɗi 40, zurfi 25, lita 100 ke nan cif. Ko dai na roba da aka ƙera musamman don man jirgi, wanda sai ka aika Legas ko Fatakwal, ko na alminiyam mai lamba 5052, kaurin milimita 3, a wurin mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon. Na robar yana ɗan kumbura da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari bayan ya sha mai a karon farko, saboda haka ba a matse shi a rami, kuma kada wani ya kawo maka tankin ruwa ya ce ai duk roba ce. Na alminiyam a sa masa shamaki a tsakiya, mai ƙananan ƙofofi a kusurwoyi, don kada man ya riƙa gudu daga wannan kai zuwa wancan yana jijjiga jirgi. Kar kuma a ce tunda jirgin faiba ne a gina tankin da faiba. Fetur mai sinadarin barasa a ciki narkar da danƙon faiba yake. Ka tuna gurɓataccen man nan mai methanol, wani nau'in barasa, da ya shigo ƙasar nan a farkon shekarar 2022, wanda ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Ba ka da tabbacin abin da za a zuba maka gobe.

Mazauninsa tsakiyar jirgi ne, dama da hagu daidai, ɗan baya kaɗan da rabin tsawon jirgin, kuma can ƙasa. Kafin a huda komai, ka cika jarkoki uku da ruwa, ka ajiye su a wurin, ka ɗauki mutane ku zaga. In jirgin ya zauna daidai, nan ne. In bai zauna ba ka matsa da su ka sake gwadawa. Gwajin rabin awa ne.

Abin da tankin zai zauna a kai, nan ne na taɓa shan kunya, bari in ba ka labarin. Shekarun baya na kafa wa wani bawan Allah tankin alminiyam, sabo fil, na yanko robar tsohuwar taya na shimfiɗa masa a ƙasa don kada ya riƙa gogar jirgi, ina ganin na yi dabara. Damina uku aka yi ya dawo yana cewa jirgi na warin mai. Muka duba tiyo, muka duba kilif, babu komai. Da muka ɗaga tankin muka kifa shi, sai ga sawun robar nan ya fito raɗau, layi-layi, da wani farin gari kamar alabo a kai. Na kankare da farce, sai ga ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura, ɗaya har yana naso. Inda iska take ratsawa kuwa ƙarfen yana ƙyalli kamar jiya aka yi shi. Alminiyam da iska yake kare kansa; in laima ta maƙale a jikinsa ba iska, sai ya fara rubewa ta wurin. Baƙar roba kuma tana da sinadarin gawayi a ciki, wanda ke ƙara hanzarta cin. Da kuɗina na sake masa wani tankin, kuma ban yi musu ba.

Saboda haka ban da roba, ban da kafet, ban da katako tsirara, ban da soso ko kumfar nan da ake fesawa a cike gefe. A yanko faiba mai kaurin milimita 6, faɗin yatsa uku, a manna a gindin tankin da gam mai hana ruwa, gam ɗin ya cika ko'ina kada a bar kafar da ruwa zai laɓe, a jera su da tazarar kamu ɗaya da rabi. Tanki ya zauna a kansu, iska da ruwa su wuce ta ƙasa. Mai walda ya fitar masa da kunnuwa a ɗaure da noti a haƙarƙarin jirgin. In kun gama ka sa ƙafa ka tura shi ta kowane gefe; in ya motsa ko kaɗan ba a gama ba, domin kilo 75 na mai in jirgi yana dukan igiyar ruwa ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Daɓen da za a rufe a bar masa murfi mai buɗuwa daidai kan inda tiyoyi suka haɗu da tanki. Ramin kansa a ba shi bututun iska biyu, ɗaya na shiga, ɗaya ya sauka har ƙasa na fita. Batir kuma ya nemi wani ɗakin, ba ya kwana da tanki.

Tiyo uku ne. Na zuba mai, mai faɗin milimita 38, bakinsa a gefen jirgi ta sama inda in mai ya zube waje zai bi, da kilif biyu-biyu na sitenles a kowane kai. Na biyu shi nake kira hancin tanki, milimita 16, wanda yake fitar da tururi waje ya shigo da iska yayin da inji ke zuƙar mai. Ya fara hawa sama tukuna ya lanƙwaso ya fita ta jikin jirgi, don kada ruwa ya biyo shi, kada kuma ya yi ciki a hanya inda mai zai kwanta ya toshe shi, bakinsa da 'yar rariyar ƙarfe. Na uku mai kai wa inji, milimita 8 zuwa 10, yana zuƙa ta bututun da ya shiga ta sama ya tsaya kamar santimita ɗaya da rabi kafin gindi. A sa masa makunni a kan tanki, sai filta mai raba ruwa da mai, sannan fam, kibiyarsa na kallon inji. Farin tiyon nan mai nuna ciki da ake sa wa janareta, fetur busar da shi yake ya tsage, wuta kuma ko daƙiƙa biyar ba zai yi mata ba. Ka nemi wanda aka rubuta A1 ko ISO 7840 a jikinsa, shi an gwada shi ya jure harshen wuta na minti biyu da rabi. Ka haɗa odarsa da ta tankin. Kan tiyo na tagulla kuma kada ya taɓa alminiyam kai tsaye, a raba su da na sitenles, in ba haka ba tagullar za ta ci tankin.

Akwai wata 'yar waya da kowa ke mantawa. Ka san yadda a hunturu in ka cire rigar sanyi da dare take ƙara tas-tas har ka ga wuta, ko ka taɓa ƙofar mota ta ja ka? Fetur in yana gudu a tiyo yana tara irin wannan wutar. A ja waya daga bakin zuba mai, in na ƙarfe ne, zuwa kunnen tanki, daga nan zuwa jikin inji.

Kada mai ya shiga sai an gwada. A toshe ƙofofi, a hura iska kaɗan da famfon keke, awo 3 kacal na psi a gejin taya. Na ce famfon keke, kada ka kai wa mai faci ya sa injinsa. Tayar mota awo 30 da wani abu take sha, wannan kuwa zai mayar maka da tanki kamar tulu. In ba ka da geji mai karanta ƙaramin awo, ari tiyon ruwan da magina ke daidaita gini da shi, ka lanƙwasa shi ka zuba ruwa, ka haɗa kai ɗaya da tanki. In ruwan ɓangare ɗaya ya fi ɗayan tsawo da mita 2, ka kai awon. Ka yi alama da biro, a inuwa, ka shafa ruwan sabulu a kan kowace walda da kowane kilif, ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo. Ruwa ya sauka ko kumfa ta taso, akwai ƙofa.

Injinka na haɗi ne, saboda haka kada ka zuba fetur a tanki sannan ka bi shi da man 2T, wato baƙin man haɗin, kana fatan tafiya za ta gauraya su. A jarka ake haɗawa, rabin lita a lita 25, a girgiza, sannan a juye. Kada a cika tanki maƙil, a bar kamar lita 5 cikin 100, don man da aka saya da sanyin safe yana ƙaruwa da rana. Lokacin zuba mai fasinja su sauka, inji a kashe. Ka gaya wa ƙanenka kullum da safe kafin ya ja inji ya buɗe murfin daɓen nan ya durƙusa ya sa hancinsa. In ya ji wari, ranar ba fita sai an gano inda yake. Ya ajiye tukunyar kashe gobara mai gari kusa da hannunsa, don ruwa watsa wutar fetur yake yi, da rigunan ruwa daidai yawan mutanen da ya ɗauka.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Ina kamun kifi a dam ɗin Kangimi. Jirgina yana da kafaffen tanki tun da na saye shi. Kwanan nan in na yi tafiyar kamar minti ashirin sai inji ya fara shaƙewa ya mutu, in duba fam in ga ya lotse. In na buɗe murfin tanki sai in ji ya yi huci, daga nan ya tashi lafiya. Na canza fulogi, an wanke kafireta sau biyu.

Daga mai karatu, ƙaramar hukumar Igabi

AMSA

Barka kadai ɗana. Ka bar kafireta ta huta, ba ta yi maka laifi ba. Hancin tankinka ne ya toshe. Inji yana zuƙar mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man. Hucin da kake ji iska ce take faɗawa ciki. Je ka leƙa bakin hancin ta wajen jirgi. Ina kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a ciki, don ramin daidai shi ne, musamman in jirgi ya yi kwanaki a ɗaure. Na sha zaro ginin laka da tsutsa a ciki daga irin wannan wuri. Cire tiyon daga kan tanki tukuna kafin ka sa waya ka sokale, in ba haka ba lakar cikin mai za ta faɗa. Ka hura ka ji iska na fita, ka bi tiyon da hannu ka tabbatar bai lanƙwashe ko ya yi ciki ba, sannan ka sa rariya a bakin. Kada ka ce za ka riƙa tafiya da murfi a kwance don a samu iska. Tururin a cikin jirgi zai sauka.

TAMBAYA

Malam, tankin jirgin maigidana na alminiyam ya tsage a kusurwa. Na juye man, na bar shi a rana kwana biyu. Zan iya kai shi walda?

Daga mai karatu, Kabala Costain

AMSA

A'a, tukuna. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin tururi da iska ne suka cika shi, kuma kwana biyu a rana ba ya fitar da man da ya laɓe a bayan shamaki da cikin tsagar. A cire duk kayan da ke kansa, a wanke shi da ruwan zafi da omo sau uku ana girgizawa, a bar ruwa ya yi ta gudu a ciki har ya tumbatsa. Ka gaya wa mai waldar ƙarara cewa fetur ne a ciki da, kuma ka kai wa wanda ya saba, mai cika tanki da iskar agon kafin ya kunna wuta. Kafin ma ka kashe kuɗin, kifa tankin ka duba gindinsa. In ka ga farin gari da ƙananan ramuka, ka gaya wa maigidanka sabo za a yi, don in an toshe wannan kusurwar wata za ta buɗe. In gindin lafiya yake, to tsagewar kusurwa alama ce tankin yana motsi a mazauninsa, sai a gyara ɗaurin kafin a mayar da shi, a kuma yi masa gwajin iska da ruwan sabulu kamar yadda na faɗa wa na Unguwar Rimi.